Inci Nawa Za A Ɗaga Ta?

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo wa masu motocin shiga daji a manyan biranenmu, wato motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira kat-kat. Mutum zai sayi Hilux ko Land Cruiser, tun bai canza mata baƙin mai na farko ba sai ya garzaya gareji a ɗaga masa ita sama, a ɗaura mata wasu zabga-zabgan tayoyi masu haƙora kamar na tarakta, har ta kai sai an yi dabara kafin tsoho ya iya hawa. Wanda ya yi haka don ƙawa ba mu da ja da shi, kuɗinsa ne. Wanda muke ji shi ne mutumin da zai loda jama'a da kaya ya sauka daga kwalta da gaske, ya doshi inda in mota ta tsaya babu mai zuwa, domin shi kuskuren inci 2 na iya zama maganar rai.

Mu dai ba kanikawa ba ne, ba mu taɓa riƙe sifana don neman abinci ba. Amma mun daɗe muna zaman benci a gareji, mun kuma sha tafiya a bayan irin waɗannan motoci, a laka da kuma a rairayi, mun tura wadda ta kafe, mun kwana a gefen wadda ta karye. A duk zaman nan tambayar da muka fi jin masu mota na yi wa bakanike ita ce, "Inci nawa za a ɗaga ta?" A ganinmu an kamo zancen ne ta wutsiya. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wace hanya motar za ta bi. Hanyar ce za ta faɗi irin tayar da ake bukata, sannan ita tayar ta faɗi ko akwai bukatar ɗagawa, da kuma gwargwadonta.

Bari mai karatu ya ɗan durƙusa ya leƙa ƙarƙashin Land Cruiser irin ta akori-kura, wadda Toyota ya fara ƙera danginta a 1984 kuma har yau bai daina ba. Zai ga wani dogon ƙarfe ya ratsa daga ƙafar hagu zuwa ta dama, shi ne aksul, a jikinsa kuma akwai wani ƙullutu mai kama da tulu, inda haƙoran da ke raba wa ƙafafun biyu ƙarfin inji suke. Kusan babu abin da ya kai wannan tulu kusa da ƙasa, shi ne kuma ke fara dukan dutse ko tudun da ke tsakiyar hanya. To, sifirin shi ne ya haɗa aksul da shasi, saboda haka in an ƙara masa tsawo shasi da bodi ne ke tashi sama, aksul yana nan inda yake. Ko da inci 6 aka ɗaga motar, tulun bai motsa ko da faɗin farce ba. Abu ɗaya ne tak ke ɗaga shi, wato taya, ita ma rabin abin da aka ƙara mata take bayarwa, tunda aksul a tsakiyarta yake. Wanda ya cire taya mai tsayin inci 31 ya sa mai 33 ya sami inci 1 ke nan. Wanda ya yi tsalle zuwa 35 ya sami inci 2, wato santimita 5, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Duk hidimar nan da kuɗin da ake zubarwa a kan wannan 'yar tazara ce.

Ba muna cewa ɗagawa ba ta da nata amfanin ba ne. Tana nesanta bamba da ciki da wutsiyar mota daga ƙasa, kuma wannan na da rana in za a gangara kwazazzabo a haura, ko a tsallake ƙoƙuwar tudun rairayi ba tare da cikin motar ya zauna a kai ƙafafu na reto ba. Amma wannan aiki daban ne da na taya, kuma sai an rarrabe su sannan mutum zai san wanne yake bukata.

Lambobin da ke jikin taya ma ba kowa ya damu ya karanta su ba, alhali kuwa duk lissafin a nan yake. In an rubuta 265/75R16, to 265 faɗin tayar ne da milimita, 75 na nufin tsayin gefenta kashi 75 cikin ɗari ne na wannan faɗi, wato kusan milimita 199, sai 16 da ke nufin girman wili da inci, wato milimita 406. A haɗa gefen sama da na ƙasa da wilin, a sami milimita 804, ko inci 31 da rabi da 'yan kai. Da wannan lissafi 285/75R16 ta kusa inci 33, ita kuwa 315/75R16 ta haura 34 da rabi, kuma ita ce ake kira 35 a kasuwa. Akwai kuma 255/85R16, wadda ta fi 265 ɗin can siranta amma tsayinta ya kai inci 33. Mun kawo ta ne don a gane cewa tsayi daban faɗi daban, kuma sau da yawa faɗin ne ke hana taya zama lafiya a gurbinta. Tsohuwar tayar nan 7.50R16, wadda doguwar Land Rover da Land Cruiser suka daɗe suna fitowa da ita, siririya ce, tsayinta wajen inci 32.

Yanzu ga wurin da aka fi yin tuntuɓe. Ana cewa an ɗaga mota ne don a samar wa babbar taya wuri, kuma in motar na tsaye a gareji haka ne, za a ga fili tsakanin taya da madigadi har yaro ya iya zura kai. To amma shi sifirin lanƙwasa yake yi. Duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami da nauyi ko ta hau dutse, aksul na tasowa sama har sai ya daki wata 'yar roba da aka ɗaura a jikin shasi don ta tokare shi. Canza sifirin bai matsar da wannan roba ba. Ke nan iyakar inda taya za ta kai in ta shige ciki bai canza ba, sai dai a ce yanzu tana da nisan tafiya kafin ta kai can. Tayar da za ta ci madigadi kafin ɗagawa za ta ci shi bayan ɗagawa, ranar da aka yi lodi aka faɗa rami da gudu, kuma bakin madigadi kan yanka taya kamar wuƙa. Magani biyu ne, ko dai a ƙara wa robar tsawo, a haƙura da wani abu daga lanƙwasar sifirin, ko kuma a yanke madigadin a buɗa wa tayar hanya.

Mun taɓa ganin wani dattijon bakanike ya koyar da wannan darasi ba tare da dogon bayani ba. Wani matashi ne ya kawo masa mota da sababbin tayoyi 35, yana kukan wata ƙara da yake ji in ya sha kwana a hanyar gonarsa. Dattijon ya sa aka loda buhunan yashi a baya, ya goge gefen tayoyin da alli, ya ce a hau da ƙafar gaba ta dama bisa wani tudun ƙasa da ke bayan garejin, sannan a murɗe sitiyari har ƙarshe, hagu da dama. Da aka sauko sai ga alli ya shafe a bayan madigadi da jikin shasi. Matashin ya ce, "Baba, ai inci 4 aka ɗaga ta." Dattijon ya ce, "Alhaji, a tsaye aka ɗaga ta, ita kuwa mota ba a tsaye take aiki ba." Wannan gwajin na alli da tudu bai cin ko sisi, kuma mu dai mun fi yarda da shi a kan duk wani jadawali da ke cewa ɗagawa kaza ta dace da taya kaza. Jadawalin da aka fi yawo da shi, wato inci 2 ga taya 33, inci 4 ga taya 35, kintace ne kawai, domin gurbin taya na kowace mota da irin faɗinsa, kuma yadda wili ya turo waje ko ya shige ciki na sauya lissafin baki ɗaya.

Ita babbar taya kuwa ba kyauta take ba da incin nan nata ba. Kowa ya ga yadda bakanike ke zura wa sifana bututu in noti ya ƙi kwancewa, don tsawon hannun ya ƙara masa ƙarfi. Haka taya take, sai dai ita ƙasa ce ke riƙe da bututun, inji da birki kuwa su ne notin. In an tashi daga 31 zuwa 35, kowane juyi ɗaya na taya zai ci ƙasa fiye da na da da kashi 13 cikin ɗari, ƙarfin da ke isa ƙasa kuwa ya ragu da kimanin kashi 11, na ja da na birki duka. Injin gas ɗin nan mai silinda 6 da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990 kuma direbobin sahara ke ji da shi, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba. An san shi da juriya, ba a san shi da zafin nama ba. Da zarar an ɗaura masa ƙattin tayoyi, hawan da yake yi a giya ta uku sai ya koma ta biyu, kuloci ya sha wuya wajen tashi da lodi, inji ya riƙa zafi, shan mai ya ƙaru. Maleji ma ya fara ƙarya, yana nuna 100 alhali motar na gudun 113, tafiyar kilomita 600 kuma ya rubuta 531. A birni wannan abin dariya ne, amma ga wanda ke auna sauran man da ke tanki da nisan rijiya ta gaba ba abin dariya ba ne, ko da kuwa yana da na'urar nan mai nuna hanya ta tauraron ɗan'adam.

Sannan akwai sandunan ƙarfen da ke cikin aksul, masu kai ƙarfi daga tulu zuwa taya. Su ne ke shan murɗa idan babbar taya ta yi ta juyawa a laka sannan ta kama dutse farat ɗaya. Duk wanda ya yi mu'amala da tsohuwar Land Rover ya san ƙarar karyewar wannan sanda, domin ko da tayar kamfani ma ta shahara da haka, har ta kai daga farkon shekarun 1970 kamfanin ya koma sa wa doguwar ƙirar wani aksul na baya mai ƙarfi da ake kira Salisbury. Taya 35 da wilinta na ƙarfe na iya haura kilo 40, kuma boris da gaɓoɓin sitiyari su ke ɗaukar dukan wannan nauyi a kowane rami.

Maganin raguwar ƙarfin shi ne a canza haƙoran da ke cikin tulun. Ana auna su da wata lamba mai nuna sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma motar da ta zo da 4.10 a kan taya 31 tana bukatar wajen 4.56 in ta koma 35, kafin ta dawo kusa da yadda take. Aiki ne mai tsada, dole kuma a yi gaba da baya tare, ga shi ba a ganinsa daga waje, shi ya sa mafi yawan masu yayin ke tsallake shi. Su kamfanoni ba sa tsallakewa. Da Ford ya dawo da Bronco a 2021, ƙirar da ya sa wa taya 35 da 4.70 ta fito, haka Jeep da ya sa wa Wrangler taya 35 daga kamfani ya haɗa ta da 4.56, kuma dukansu ɗagawar da suka yi kaɗan ce, sun fi mai da hankali ga buɗa gurbin taya.

Wannan kuɗin taya ke nan. Kuɗin ɗagawa ya fi shi tsada, domin shi da jini ake biya. Kowace mota na da cibiyar nauyi, wato wurin da za a ce duk nauyinta ya taru, kuma injiniyoyi na da wani lissafi mai sauƙi a kanta. A raba tazarar da ke tsakanin ƙafar hagu da ta dama gida biyu, sannan a raba abin da aka samu da tsayin cibiyar daga ƙasa. Alal misali, a ce tazarar mita 1.5 ce, cibiyar kuma na santimita 75, sakamakon 1 ne, wato a takarda sai motar ta karkata digiri 45 kafin ta kife. In cibiyar ta tashi da santimita 10, ya koma digiri 41. In aka tula buhuna da jarkoki, mutane kuma suka hau kai, har cibiyar ta kai mita 1, ya koma 37. A zahiri kuwa ba ta ma kaiwa nan, saboda sifirin da tayar da ke ɓangaren gangare suna nitsewa, kaya na zamewa, ruwa da man da ke jarka na kaɗawa zuwa inda aka karkata.

Kada kuma a ce wannan maganar gefen dutse ce kawai. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta yi wa Hilux gwajin da ta saba yi, na kauce wa dabbar da ta faɗo hanya a koma hannu ba tare da taka birki ba. Motar sabuwa ce dal, da lodinta, ba wanda ya ɗaga ta, amma a gudun kilomita 60 ta ɗaga ƙafafu biyu sama, saura ƙiris ta kife. Su can wata ƙatuwar dabbar daji ce ke tsallaka musu hanya. Mu nan saniya ce, da akuya, da ɗan acaɓa, da ramin da ba a gani sai an zo kansa, kuma kafin a isa daji ai sai an yi ɗaruruwan kilomita bisa kwalta. Mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru da irin wannan mota in an ƙara mata inci 4 a sama.

Har ila yau duk ƙarafan da ke ƙarƙashin mota an ƙera su ne don su yi aiki a wani kusurwa da aka ƙayyade. In an ɗaga, farfela kan karkace ta fara kaɗa motar, tiyon birki kan miƙe har ya kusa tsinkewa in ƙafa ta zura cikin rami, shok kan ƙare tsawonsa ya zama shi ke riƙe aksul. Land Cruiser akori-kura, tun daga 1999, sifirin nannaɗaɗɗe take da shi a gaba, kuma in an ɗaga ta da yawa aksul ɗin gaba kan gusa gefe guda ya kuma ɗan juya, sai sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a hanya kamar mai maye. Hilux ɗin da ake yayi tun 2005 kuwa ba ta da dogon aksul a gaba, kowace ƙafa da nata hannuwa. A nan ɗagawa na ɗan nesanta cikin gaba daga ƙasa, gaskiya ne, amma abin da aka samu a sama an rage shi ne daga saukar ƙafa, kuma gaɓoɓin shaf sai su riƙa aiki a lanƙwashe, robarsu ta yage, yashi ya shiga. Da an haura inci 2 sai an fara canza hannuwa da sauran tarkace. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗagawar araha da muke gani a wasu wurare, a yanko guntun ƙarfe wajen mai walda a cusa tsakanin sifirin da aksul, ko a ƙara wa maratayin sifirin tsawo da falanƙin ƙarfe, wanda in an ƙara masa inci 2 ma inci 1 kawai yake ɗagawa. Irin wannan a aksul ɗin gaba, inda birki da sitiyari ke aiki, ganganci ne.

To, a dawo ga hanya, tunda mun ce ita ce ke yanke hukunci. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a jihar Taraba, daga Mayo Selbe ya haura Maisamari da Nguroje har Gembu, ya san cewa da an bar babbar hanya an nufi ƙauyuka da damina, to tsofaffin Land Rover ne sarakai. Hanyoyin can manyan motoci sun haƙa musu kwari biyu da ƙafafunsu, an bar tudu a tsakiya, kuma wannan tudun shi ke riƙe tulun aksul, mota ta zauna ƙafafu na juyawa a banza. A nan inci 1 na taya ya fi inci 4 na ɗagawa daraja, kuma doguwar taya siririya mai haƙora ita ce ke yanka laka ta taɓo ƙasa mai tauri, yayin da mai faɗi ke sulɓi a sama. A nan ne kuma hanya ke bin gefen tudu a karkace, ga lodin buhuna da mutane a sama, ga kwari a ƙasa. Ke nan hanya ɗaya ce ke neman doguwar taya take kuma ƙin doguwar mota.

Hanyar Agadas zuwa Fachi da Bilma, ta cikin saharar Tenere, wajen kilomita 600, nata sharaɗin daban ne. A rairayi babu tudun tsakiya da zai daki tulu. Abin tsoro shi ne nutsewa, kuma maganinsa tun a tafin raƙumi aka gan shi, wanda ke bajewa in ya taka. Direba kan sauke iskar taya daga 35 ko 40 na ma'aunin masu facin Nijeriya zuwa 15 ko 18, wato kilo 1 da ɗan abu a bakin mutanen Nijar, sai tafin tayar ya baje. Abin lura shi ne tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi, saboda haka doguwar taya mai yalwar gefe ita ta fi cin riba, mai faɗi kuwa tudun yashin da take turawa a gabanta ya fi girma, inji ya ƙara wahala. Shi ya sa wili 16 ya fi wili 20 a can nesa ba kusa ba, ko da tsayin tayoyin ɗaya ne, domin mai wili 20 ba ta da gefen da za ta baje. Haƙoran lakan nan da ake taƙama da su kuma haƙa suke yi, su binne motar da kansu. In an fito daga yashi an hau tsakuwa dole a mayar da iska, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe.

Mun ga direbobin wannan hanya suna ƙara wa sifirin baya ganye ɗaya ko biyu, har motar ta ɗaga wutsiya in ba kaya. Wannan ba ƙawa ba ce, domin da an yi lodin mai da ruwa sai ta dawo daidai. Sai dai ganyen bai ƙara wa aksul da boris ƙarfi ba, bai kuma ƙara wa taya ba. Ita taya iyakar nauyinta na rubuce a gefenta, lamba 116 na nufin kilo 1,250, lamba 120 na nufin kilo 1,400, kuma wannan da cikakkiyar iska ne. Akwai manyan tayoyin ƙawa da wannan lamba tasu ba ta kai ta siririyar 7.50R16 ba.

Babbar magana a sahara ita ce safaya. Tayar da kowa ke amfani da ita ana samunta a tasha, a wurin mai faci, ko a hannun direban da ya zo wucewa. Wanda ya sa 35 kuwa shi kaɗai ne da irinta a faɗin dajin, in biyu suka fashe ya shiga uku, domin in ya haɗa ta da ƙarama a aksul ɗaya haƙoran tulu ba za su huta da juyawa ba, in kuma gaba da baya suka bambanta alhali yana ja da ƙafa huɗu a ƙasa mai tauri, giyar ce za ta ɗaure. Tsayuwar mota a can ba irin ta hanyar Zariya ba ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Allah ya jiƙansu. Duk wani abu da aka ƙara wa mota wanda ke gajarta ran sandar aksul, ko wanda ba a samun madadinsa a hanya, da irin wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Akwai dai inda ƙatuwar taya dole ce. A tsibirin Aislan, can arewacin Turai, ana hawa tsaunukan ƙanƙara da tayoyi 38 har 44, ana sauke iskarsu ƙasa da 5 don motar ta yi iyo a kan dusar. Kamfanin Arctic Trucks na can shi ya shirya Hilux ɗin da 'yan shirin Top Gear na BBC suka ratsa ƙanƙarar arewacin Kanada da ita a 2007, bisa taya 38. Abin sha'awa a aikinsu shi ne yadda suke tsoron tsayi. Sukan yanke bodi sosai, su sake ƙera gurbin taya, su faɗaɗa tazarar ƙafafu, su canza haƙoran tulu, duk don kada su ɗaga motar fiye da abin da ya zama tilas. A Ostareliya kuwa, inda motar daji abin yau da kullum ce, hukuma ce ta sa baki. A jihar Kwinsland da wasu 'yan'uwanta, abin da mutum zai iya ƙarawa ba tare da sa hannun injiniya ba shi ne milimita 75, wato 50 daga sifirin, 25 daga taya. Inci 2 da inci 1 ke nan.

Mu ma a nan ra'ayinmu ya tsaya. Land Cruiser da za ta shiga sahara, a bar ta da 7.50R16 ko ƙanwarta 235/85R16, a kashe kuɗin wajen sifirin da zai ɗauki lodi da shok mai kyau da safaya biyu. Wadda za ta yi fama da laka da kwarin manyan motoci, 255/85R16 da ɗagawar inci 2 sun wadatar, bayan an yi gwajin alli. Hilux mai wili 17 da ta zo da 265/65R17 na karɓar 265/70R17 ba tare da wata rigima ba, amma daga 285 sai an fara yanka. Wanda kuwa ya dage sai 35, to ya shirya kuɗin haƙoran tulu biyu da na birki da na yankan bodi tun kafin ya biya kuɗin tayar.

Ko ɗan ƙarin da muka yarda da shi ma yana da 'yan kurakuran da ake mantawa. Fitilun gaba sai an sake saita su, in ba haka ba cikin idon mai tahowa za su riƙa haskawa. Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye, kuma gurbin nata na ƙaramar taya ne, sau da yawa babbar ba ta shiga. Jak ɗin da ya zo da motar ma a sake gwada shi a gida, da lodi, domin wanda ake kafawa a jikin shasi na iya miƙewa har ƙarshe tayar ba ta bar ƙasa ba, kuma a rairayi sai an sa masa katako mai faɗi a ƙasa kafin ya ɗaga komai.